Tashin yara a gidajen talakawan Kura da Bunkure

Kura da Bunkure a jihar Kano na cikin yankin noman rani na Kadawa, mai samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974.

A gidajen ƙananan manoma, yaro kan tashi cikin gandu, wato noman da uba ke yi da 'ya'yansa, ana ci daga rumbu ɗaya.

Yara maza kan kori tsuntsaye daga shinkafa, su tsinki tumatir, 'yan mata kuma su yi talla.

Wannan haɗin kai ne ke riƙe gida idan amfani ya lalace, kamar a 2016 da tsutsa ta cinye tumatir.

Sai dai aikin kan hana yara da dama zuwa makaranta.