Bencin da ke bayan kanta a Nima

Yarinyar da ta gama karatun haɗa magunguna a Kumasi, wadda yanzu take riƙe da shagon da na bari a Nima, ta tambaye ni bayan sallar Juma'a: "Baba, a zamaninku kun san histamin yana aiki a cikin ƙwaƙwalwa kuwa?" Tambayar ta sosa mini rai. Mun sani, 'yata. Da idonmu muka sani, tun takardun ba su iso mu ba.

Na shiga aikin nan a ƙarshen shekarun 1970, a hannun wani dattijo da ya yi aikin ba da magani a soja, Allah ya jiƙansa. Lokacin kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ke tashe, kuma kowa ya san ƙaiƙayinsa. Sai mu haɗa wa mutum da Piriton ko Phenergan, ya sha ya yi barci, ya farka ya ci gaba da susa. Maigidana yakan ce maganin mai ƙaiƙayin yake kwantarwa, ƙaiƙayin kuwa yana nan. Sai a 2009 masu bincike a Johns Hopkins ta Amurka suka nuna ƙaiƙayin kulorokwin yana da tasa hanyar a jijiya, ba ta histamin ba. Lokacin Gana ta riga ta sauya maganin zazzaɓin tun 2004, maigidana kuma yana kabari.

Abin da ya fi damunsa jarirai ne. Mata masu sayar da wake da shinkafa, masu tashi tun kafin assalatu su hura wuta, sukan zo neman Phenergan na ruwa don yaro ya bar su su runtsa. Ba ya faɗa da su, ya san gajiyarsu. Amma kwalba ba ta fita sai an kawo yaron. Akwai wani benci a bayan kanta. Ya shimfiɗa zanen uwar, ya kwantar da yaron, ya ɗaga fatar ido, ya taɓa maɗiga, ya lanƙwasa wuya a hankali. In wuya ya ƙage ko maɗiga ta kumbura, sai asibitin Maamobi ko Korle Bu, sau da yawa kuɗin mota daga aljihunsa. Hujjarsa ɗaya ce: barcin magani yana rufe sanƙarau da zazzaɓin da ya hau kai.

Wata rana ya tafi jana'iza, na sayar da kwalba ba tare da na ga yaro ba. Da ya dawo bai zauna ba. Ya tasa ni gaba, lungu lungu a bakin babbar kwata, har muka gano gidan bayan magariba. Jaririyar tana kwance lakwas, jiki zafi rau, numfashi sama-sama. Ta rayu. Har yau ban manta nauyinta a hannuna ba.

Daga baya ilimi ya zo ya same shi a inda yake tsaye. Tun 1910 Henry Dale ya bayyana aikin histamin a jiki, amma sai a 1984 Watanabe na Japan da Panula ɗan Finland suka gano ƙaramin gungun ƙwayoyin da ke samar da shi a ƙasan ƙwaƙwalwa, masu riƙe mutum a farke. Saƙonsu tsofaffin magungunan nan suke tarewa. An kuma ga histamin yana sassauta shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. A 2008, a cibiyar Pasteur ta Faransa, ɓerayen da jikinsu ba ya yin histamin sun tsira daga zazzaɓin ƙwaƙwalwar da ya kashe 'yan uwansu. A 2010 kuma, a Yale, aka samu uba da 'ya'yansa 8 masu ciwon fizgar jiki na Tourette, dukkansu da tawaya a ƙwayar gadon da ke samar da histamin. Ashe har a ginin ƙwaƙwalwar yaro yana da hannu. Ban da wannan, Amurka ta hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 2 Phenergan tun 2004, saboda yana danne numfashi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, yaran yanzu sun haddace duk wannan, amma sai a turo ɗan aike da suna a waya, su miƙa kwalba. Bencin ma an ɗora masa katan-katan na ruwan roba.

'Yata, ki sa a sauke katan ɗin nan. Duk wadda ta zo neman maganin barcin jariri, ki ce ta kawo yaron ki gan shi.