Alli a Aji, Ƙafa a Daji

Farin 1973 da na 1984 sun bar gonakin Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa tsirara. Daga 1983, manoma tare da Tony Rinaudo suka fara rainon kututture masu toho, wato sassabin zamani. Tantance itatuwan da suka rage kuwa aikin malaman ilimin tsirrai ne. Farfesa Mahamman Sa'adu ya kammala babban bincikensa kan tsirran Nijar a 1990, yana koyarwa a Jami'ar Yamai. Shi ya fara shugabantar Jami'ar Maraɗi da aka kafa a 2010. Gadonsa na jiranmu a sakandare, inda ɗalibi kan haddace sunan itace da Faransanci, bai san kalgon gonar ubansa ne ba.