Filasma da Fasahar Ɗora Hoto Kan Zahiri: Yadda Masana Ke Ganin Abin da Ido Ba Ya Gani

Filasma ita ce yanayi na huɗu na halittar abubuwa, bayan daskararre da ruwa da iska. Tana samuwa ne idan iska ta yi tsananin zafi har ƙwayoyin zarra suka rabu da ilaktironinsu. Walƙiya filasma ce, haka ma rana.

A cikin rana, ƙwayoyin haidurojin na haɗewa su saki makamashi mai yawa. Wannan haɗewar ce masana ke ƙoƙarin kwaikwaya domin samar da wutar lantarki. Ta bambanta da aikin ƙaramar na'urar nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, domin ita farfasa ƙwayoyi take yi.

Babban aikin wannan fanni shi ne ITER da ake ginawa a kudancin Faransa, bisa yarjejeniyar 2006. Na'urarsa, tokamak, tana da siffar gammo. Zafin filasmar cikinta zai kai digiri miliyan 150 a ma'aunin Salshiyas, wato ninki goma na tsakiyar rana. Babu ƙarfen da zai jure wannan zafi, saboda haka da ƙarfin maganaɗisu ake riƙe ta, kada ta taɓa bango.

Matsalar ita ce ido ba ya ganin layukan maganaɗisu, kuma babu mai shiga na'urar tana aiki. Lissafin kwamfuta kuwa tulin alƙaluma yake bayarwa. Nan ne fasahar ɗora hoto kan zahiri ke da amfani: ta tabarau na musamman ko kyamarar waya, mai bincike zai ga hoton kwamfuta a kan ainihin abin da ke gabansa, ya zagaya shi, ya bi hanyar ƙwayoyin, ya gano inda zafi zai fi dukan bango.

Hoton dai bai fi lissafin da aka gina shi a kai inganci ba; idan lissafin ya karkace, shi ma zai karkace.

Ga ɗaliban fiziks a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, muhimmancin fasahar a fili yake. Gina tokamak irin na ITER na cin biliyoyin daloli, amma wayar hannu na iya ɗora siffarta kan teburin aji.