Tsohuwar A-kori-kura a Tafo: Tarihin Cinikinta da Gyaranta

Tafo tana arewacin birnin Kumasi na ƙasar Gana, a kan hanyar da ta nufi Mampong, kuma tana maƙwabtaka da Suame, inda dubban makanikai suka yi sansani a wurin da ake kira Magazin. Wannan maƙwabtaka ce ta sa harkar tsofaffin motoci, musamman a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, ta zama sana'ar da mutanen zango suka daɗe a cikinta, wasu direbobi, wasu dillalai, wasu masu sayar da kayan gyara. Sai dai tushen sana'ar ya girmi ita kanta motar.

A ƙarni na 19 Tonawa, wato mutanen Asante, kan kai goro Salaga ne, a ƙasar Gwanja, inda ayarin Kano da Katsina ke tarar da shi su labta wa jakuna. Bayan sojojin Ingila sun ƙone Kumasi a 1874 ikon Asante a kan kasuwannin arewa ya yi rauni, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwarta. Da Turawa suka gama kafa mulkinsu bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, zangon Kumasi ya cika da fatake da malamai da tsofaffin sojoji. Sun zo da tsarin cinikin da suka gada: baƙo ya sauka a hannun maigida, maigida ya haɗa shi da dillali, dillali ya tsaya a tsakani ya karɓi la'ada. A kan wannan tsari aka sayar da goro da shanu, a kansa kuma daga baya aka sayar da mota.

Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, amma bai wuce arewa ba. Aikin ya faɗa wa babbar hanyar da ta ratsa Tafo ta haura tudun Mampong, ta bi Ejura da Atebubu, ta haye kogin Volta a Yeji, ta fita Salaga da Tamale. A shekarun 1920 motocin lodi suka fara kwashe kayan da a da jaki da ɗan dako ke ɗauka, kuma har bayan samun 'yancin kai Bedford mai bodin katako ce sarauniyar wannan hanya. Kwanar tudun Mampong na cin birki, gargadar hanya na cin sifirin, don haka masu gyara suka yawaita. Tun shekarun 1930 suka fara taruwa kusa da wani tsohon rumbun makamai na Turawa a cikin gari, wanda daga gare shi sunan Magazin ya fito, kuma a 1962 aka mayar da su Suame suka tafi da sunan. Bayan gina madatsar Akosombo a tsakiyar shekarun 1960, tafkin Volta ya faɗaɗa mashigar Yeji, zirga-zirgar arewa ta koma hanyar Techiman da Kintampo. Ita kuwa wannan ta gaban Magazin ta wuce.

Mai jan ƙafa huɗu ta farko da ta yi suna a ƙasar ita ce Land Rover, wadda aka fara nunawa a Amsterdam a 1948. Motar hukuma ce: ta 'yan sanda, ta malaman gona da na dabbobi, ta 'yan mishan da kamfanonin katako. Talaka bai cika samunta sabuwa ba, sai in ta tsufa an yi gwanjonta. Saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da alminiyam aka yi jikinta, ƙashin da ke ɗauke da ita kuwa ƙarfe ne. Jikin ba ya tsatsa, ƙashin yana yi, kuma wannan ya daɗe yana yaudarar sabon shiga, wanda zai ga fenti na walƙiya alhali ƙasan ya rube. Wani abin tarihi da ke manne a jikin irin waɗannan motoci shi ne sitiyari. Gana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agusta, 1974, shekara biyu bayan Nijeriya, saboda haka tsohuwar da aka shigo da ita kafin lokacin galibi sitiyarinta a dama yake, ko kuma wani makanike ya juya shi.

Ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983 lokacin ƙunci ne. Kuɗin waje ya yi wuya, kayan gyara suka ɓace daga kanti, kasuwar bayan fage da ake kira kalabule ta yi ƙarfi. A nan ne Magazin ta yi sunanta, domin abin da ba a iya saya dole a ƙera shi: a fafe fistin, a naɗe waya, a yanka roba daga tsohuwar taya, a ɗauko injin wata mota a dasa wa wata. A 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a Suame domin koya wa masu sana'ar aiki da injinan fiƙe ƙarfe da narka shi. Da gwamnatin Rawlings ta buɗe ƙofar shigo da kaya daga 1983, tsofaffin motoci da injina daga Turai da Japan suka riƙa sauka a tashar Tema. Irin su ake kira hom-yus a Gana, kamar yadda ake cewa 'yar Kwatano a Kano.

A wannan zamani Toyota ta karɓe filin. Land Cruiser samfurin 40, da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, tana da nau'in a-kori-kura, samfurin 70 ya gaje ta, Hilux kuma, wadda ta fito a 1968, ta samu nau'in jan ƙafa huɗu a 1979. Ba kyau ne ya ba su nasara ba. Injinan dizal irin 3L da 5L da 1HZ ba su dogara da kwamfuta ba, kowane masta ya san cikinsu, kayansu kuma na nan jibge a rumfuna. A Tafo darajar tsohuwar mota ba ta wuce amsar tambaya guda: in ta mutu a dajin Afram ko a hanyar Bawku da lodin doya ko albasa, za a samu abin tashinta?

Shi ya sa wanda bai taɓa saye ba ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan nemi dillalin da wani babba ya tsaya masa, sannan ya ɗauki makaniken kansa, wanda a nan ake kira fita, ya biya shi kuɗin dubawa dabam, don kada ya zama mai cin la'ada a ɓangaren mai sayarwa. Fita na gari da sassafe yake zuwa, ya dafa inji ya tabbatar da sanyi, domin injin da aka ɗumama kafin isowar mai saye yana ɓoye ciwonsa. Ya sa a tayar, ya koma baya ya dubi hayaƙi: shuɗi alamar inji na shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. Daga nan ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙasa da ƙaramar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙashin motar daga gaba zuwa baya. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, rubabbe kuwa sai ya yi dum, jar ƙura ta zubo. Baƙin fenti sabo a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne, don sau da yawa walda yake rufewa. Akwai kuma abin da baƙo kan manta. Da yawa daga cikin waɗannan motoci an cire musu sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba, ko dai ta lalace ko don a rage shan mai, sai a bar ƙaramar giyar a cikin gida tana ado. Ba a gane wannan a kan kwalta, sai an kai ta jar ƙasa an sa giyar an ga ƙafa huɗu na haƙa.

Takarda ta fi inji jefa mutum cikin wahala. Lambar da aka buga a ƙashin mota dole ta dace da ta takardun kwastan da na hukumar rajistar motoci ta DVLA, wadda aka kafa a 1999, kuma a can ake sauya sunan mai mota. Wadda aka shigo da ita daga Togo ko Nijeriya da izinin wucin gadi aka sayar ba a biya fito ba, kwastan na iya kama ta ko a hannun wa take. Shekarar da aka fara sawa a ƙarshen lambar mota tun 2009 ta rajista ce, ba ta ƙira ba. Dokar kwastan ta 2015 ta ɗora tara a kan motar da ta haura shekara 10, ta 2020 kuma ta nemi hana shigo da irinta gaba ɗaya, amma aka jingine aiwatar da hanin bayan dillalai sun yi ca.

Sababbin motoci masu kwamfuta sun fara rage wa tsofaffin mastoci aiki, kuma tun 2021 ake haɗa sabuwar Hilux a Tema. A Turai da Amurka kuwa tsohuwar Land Cruiser da Land Rover Defender, wadda aka daina ƙera tsohon samfurinta a Janairun 2016, sun zama kayan marmari na masu tara motoci, musamman da yake dokar Amurka ta sassauta shigo da motar da ta cika shekara 25. Su waɗannan masu saye inji na asali suke nema da lambobin da suka dace da juna. Motar da ta yi shekara talatin tana shiga Magazin da wuya ta cika wannan sharaɗi, domin galibi an sauya mata inji, an ƙara mata ganyen sifirin, an sake mata bodi. Kasuwarta ta tsaya a hannun manoma da 'yan kwangila da masu fataucin abinci.