Tarihin Tayar Tsohuwar Mota Mai Ɗakin Kwana

Mota mai ɗakin kwana, wadda ake haɗa gado da kicin da banɗaki a cikinta domin iyali su yi tafiya mai nisa suna kwana a duk inda dare ya same su, ta samu karɓuwa a Amurka tun daga shekarun 1960. Kamfanin Winnebago da ke garin Forest City a jihar Iowa ya fitar da tasa ta farko a 1966, ya kuma karya farashinta har masu matsakaicin ƙarfi suka iya saye. Daga 1973 zuwa 1978 kamfanin General Motors ya ƙera tasa mai suna GMC a garin Pontiac na jihar Michigan, guda 12,921. Dubbai daga cikin waɗannan motoci suna kan hanya har yau, domin ana iya gyara inji, a sake fenti, a sake kujeru. Taya kuwa ba ta gyaruwa idan ta tsufa, kuma girman da aka ƙera motocin da shi ya kusa ɓacewa daga kasuwa. Wanda zai saya wa irin wannan mota sababbin tayoyi dole ya san yadda sana'ar taya ta sauya a bayan ƙera ta, domin a cikin wannan sauyi matsalar take.

Asalin taya mai iska

Ɗanyen danƙon roba yana narkewa da zafi, yana sandarewa da sanyi, saboda haka bai yi amfani sosai ba sai da Ba'amurke Charles Goodyear ya gano a 1839 cewa idan aka dafa shi da farar wuta yakan yi ƙarfi ya riƙe laushinsa. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1844. Shekara guda bayan haka wani ɗan Sikotilan, Robert William Thomson, ya yi rajistar taya mai iska domin keken doki, sai dai ba ta samu kasuwa ba har aka manta da ita. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi da ke zaune a Belfast, ya sake ƙirƙiro ta domin keken ɗansa, lokacin da hawan keke ya fara yaɗuwa a Turai, kuma daga nan ba ta sake ɓacewa ba. 'Yan'uwa biyu André da Édouard Michelin na garin Clermont-Ferrand a Faransa suka yi tayar keke da ake iya cirewa a yi mata faci a 1891, sannan a 1895 suka shiga tseren mota daga Paris zuwa Bordeaux da dawowa da mota mai tayoyin iska.

A Amurka sana'ar ta tattaru a garin Akron na jihar Ohio, inda kamfanonin Goodrich da Goodyear da Firestone suka kafu. A farkon ƙarni na ashirin aka fara zuba baƙin garin kabon a cikin roba, abin da ya ninka ƙarkon taya ya kuma mayar da ita baƙa. A 1942, da Japan ta mamaye gonakin roba na Malaya da tsibiran Indunusiya, Amurka ta dukufa wajen haɗa roba daga man fetur, kuma tun daga lokacin taya ta zama gaurayen robar itace da ta masana'anta. Goodrich ya gabatar da taya marar tiyub a 1947, zuwa tsakiyar shekarun 1950 kuma ta zama ita ce ake sa wa sababbin ƙananan motoci a ƙasar.

Saƙar giciye da radiyal

Ƙarfin taya yana cikin zaren da aka binne a cikin robarta. A tsohuwar ƙira ana shimfiɗa zaren falle a kan falle, kowane falle a karkace, na sama yana giciye na ƙasa. Wannan ita ce taya mai saƙar giciye. Gefenta yana da tauri, tana jure duka da duwatsu, amma idan tana gudu fallayen suna gugar juna, sai ta ɗau zafi, zanenta kuma ya suɗe da wuri. Da farko da zaren auduga ake yi, kuma yawan fallaye shi ke nuna nauyin da taya za ta ɗauka. Da aka koma ga zaren rayon da nailan da foliyesta, falle biyu ko uku suka isa yin aikin takwas, don haka aka koma amfani da haruffa: C tana matsayin falle shida, D takwas, E goma.

A 1946 Michelin ya yi rajistar wata ƙira dabam, wadda ta shiga kasuwa a 1949 da sunan Michelin X. A cikinta zaren yana tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki, sannan a ɗaura ɗamarar wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zane. Wannan ita ce radiyal. Gefenta yana lanƙwasa, fuskarta tana zama daram a kan kwalta, ba ta ɗaukar zafi kamar ta da, tana daɗewa, tana kuma rage shan mai. Turai ta rungume ta da wuri. Kamfanonin Akron suka yi jinkiri, domin sauya injinan masana'anta yana cin kuɗi, kuma taya mai daɗewa tana rage ciniki. Shagunan Sears sun fara sayar da radiyal ƙirar Michelin a 1966, tsadar mai ta 1973 kuma ta tura masu saye gare ta. Gaggawar kamo Turai ta jawo asara: a 1978 Firestone ya janye miliyoyin tayoyinsa samfurin 500 saboda ɗamarar ƙarfensu tana rabuwa da roba.

Motoci masu ɗakin kwana na shekarun 1970 an ƙera su ne a tsakiyar wannan sauyi. Da yawa sun fito da saƙar giciye, a kan rim ɗin da ba a yi shi domin radiyal ba. Radiyal tana matsa bakin rim ta wata hanya dabam saboda lanƙwasar gefenta, kuma tsohon rim na iya tsagewa a ƙarƙashinta. Haɗa iri biyun a layi ɗaya kuma yana sa mota ta riƙa yawo a kan hanya, sitiyari ya ƙi bin hannu.

Rim mai inci 16.5

Motar GMC misali ce mai kyau. Tsawonta ƙafa 23 ko 26, injinta da giyarta an ɗauko su daga motar Oldsmobile Toronado, kuma tayoyin gaba ne ke janta. Tayoyinta shida ne: biyu a gaba, sai biyu a kowane gefe a baya, ɗaya a gaban ɗaya, da jakar iska a tsakaninsu a madadin sifirin. Girman da ta fito da shi shi ne 8.75-16.5, wato faɗin inci 8.75 a kan rim mai inci 16.5.

Wannan rabin inci yana da dalili. Kafin zuwansa, motocin ɗaukar kaya suna amfani da tiyub da rim mai zobe, wanda ake harhaɗawa gunduwa biyu ko uku. Idan zoben bai zauna daidai ba, iska kan cilla shi da ƙarfin da ke kashe mutum, kuma masu faci da yawa sun rasa rayukansu ta haka, har hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta kafa doka a kansa a 1980. Domin a samu rim guda ɗaya marar tiyub, aka fito da girma masu rabin inci, irin su 16.5 da 17.5 da 19.5 da 22.5, waɗanda mazaunin bakin tayarsu yake da gangare na digiri 15. Manyan motoci sun riƙe 19.5 da 22.5 har yau. Shi kuwa 16.5 yana da rauni: ba shi da ɗan tudun da ke riƙe bakin taya, don haka idan iska ta ragu tayar kan zame daga mazauninta nan take. A shekarun 1980 masu ƙera motoci suka koma ga rim mai inci 16, mai gangaren digiri 5 da tudun riƙo, kasuwar 16.5 ta riƙa tsukewa har ya rage kamfanoni ƙalilan ne ke yin ta.

Daga nan wani haɗari ya ɓullo. Taya mai inci 16 tana iya shiga rim mai inci 16.5, har ta yi kamar ta dace, amma bakinta ba zai taɓa zama ba. Idan mai faci ya ci gaba da ba ta iska domin ta zauna, wayar bakin kan tsinke, tayar ta tarwatse a gabansa. Shi ya sa masu ƙera taya suke rubuta gargaɗi a gefenta, kuma ake karanta lambar da aka buga a jikin rim kafin a ɗora komai.

Mai irin wannan mota yana da hanya biyu. Ko dai ya riƙe rim ɗinsa na asali ya nemi 8.75R16.5, bayan ya tabbatar rim ɗin na radiyal ne kuma tsatsa ba ta ci shi ba, ko kuma ya sayi sababbin rim masu inci 16 ya sa LT225/75R16, wadda tsayinta ya yi kusan daidai da na asali. Masu GMC da yawa sun bi hanya ta biyu, sau da yawa da rim na alminiyam ƙirar Alcoa, domin taya mai inci 16 ana samunta a kowane gari idan ta yi bindiga a kan hanya. Daidaita tsayi yana da muhimmanci, saboda tayar da ta fi tsayi tana sa ma'aunin gudu ya yi ƙarya, tana rage wa inji ƙarfin hawan tudu, tana kuma iya gugar bodi. A motocin da tayoyin bayansu suke biyu-biyu a manne, irin na Winnebago da aka gina a kan ƙashin motar Dodge, ana kuma duba tazarar da ke tsakaninsu, domin idan suka riƙa taɓa juna za su yi zafi su fashe.

Nauyi da iska

Lambar LT225/75R16 tana bayyana kanta: LT na nufin taya ce ta ƙaramar motar ɗaukar kaya, 225 faɗinta ne a milimita, 75 tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, R radiyal, 16 kuma girman rim. Tayar ƙaramar mota mai harafin P ba ta isa wannan aiki ba, mai harafin ST kuma ta tirela ce da ake ja. Girman LT225/75R16 a matakin E yana ɗaukar kilo 1,215 idan an ba shi iska geji 80, matakin D kuwa a geji 65 yake tsayawa.

GMC mai ƙafa 26 tana kai tan biyar idan an cika tankin ruwa da na mai an zuba kaya, kuma motar da ta shekara kusan hamsin ta sha ƙari: janareto, batura, na'urar sanyaya ɗaki, sababbin kabad. Saboda haka takardar da kamfani ya manna tun asali ba ta wadatar. Ana hawa da motar kan sikeli da cikakken lodinta, a auna kowace kusurwa, sannan a duba jadawalin nauyi da iska na mai tayar. Ana auna iska da safe kafin a motsa motar. Ƙarancin iska shi ne babban mai kashe taya, domin gefenta yana ta lanƙwasa fiye da kima har zafi ya raba roba da ƙarfe. Rim da bawul su ma suna da iyakar iskar da za su jure, kuma idan an koma geji 80 ana sa bawul na ƙarfe.

Shekarun taya

Tayar motar haya tana mutuwa ne ta suɗewa. Ta mota mai ɗakin kwana, wadda kan yi wata da watanni a ajiye, tsufa ne ke kashe ta alhali zanenta yana nan cif. Iskar da ke ciki tana ratsa roba a hankali tana busar da ita, rana da iskar waje kuma suna tsattsaga gefe. Masu ƙera taya suna zuba sinadaran kariya da ke fitowa fuskar roba idan tayar tana juyawa, don haka wadda ke tsaye wuri ɗaya ta fi saurin lalacewa. Idan ta fashe a guje kuwa, ɓarnar ba ta tsayawa a kanta: ɗamarar ƙarfen kan daki bututun gas da wayoyin wuta da tankin ruwa da ke ƙarƙashin ɗakin.

Tun 1971 dokar Amurka ta wajabta buga lambar shaida da ke farawa da haruffan DOT a gefen kowace taya. Kafin shekarar 2000 lambobi uku na ƙarshe ne ke nuna lokacin ƙira, daga 2000 kuma suka zama huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma duk tayar da aka gani da lambobi uku ta haura shekara ashirin. A shekarar 2000 ɗin ne Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 bayan haɗurran motar Ford Explorer, majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar TREAD, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna taya ta fi saurin tsufa a wurare masu zafi irin su Phoenix a jihar Arizona. Ford ya ba da shawarar sauya taya bayan shekara shida, Michelin kuma ya ce a riƙa kai ta ga gwani duk shekara bayan ta cika biyar, a cire ta idan ta kai goma ko da ba a taɓa amfani da ita ba. Lambar DOT ɗin ce dai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya ke koya wa direbobi su karanta a jikin tayoyin gwanjo da ake shigowa da su.

Ga mai tsohuwar mota, wannan lamba tana da ƙarin nauyi, domin girman da ba a cika nema ba kan daɗe a sito, har a sayar da taya a matsayin sabuwa bayan ta shekara uku ko huɗu a ajiye. Saboda haka ana duba lambar kowace taya kafin a biya kuɗi, har da safaya, ana sauya tayoyin layi ɗaya tare da iri ɗaya, kuma idan za a ajiye motar ana cika su da iska, a rufe su daga rana, a kuma riƙa fita da ita lokaci zuwa lokaci.