Tarihin Hisba da Haƙƙin Mai Saye



Kare mai saye daga algus tsohon aiki ne a Musulunci. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tulin abincin sayarwa, ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne. Sai ya tuhume shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai ha'inci.

Daga baya hukumomin Musulmi suka naɗa muhtasibi, mai kewaya kasuwa yana duba sikeli da mudu, yana hana surka nono da ruwa. Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 289 Hijira, ya wallafa Ahkamus Suƙ kan hukuncin kasuwa. Daular Sakkwato ma ta naɗa muhtasibi.

To ɗan uwa mai awo, ko babu mai duba tiyarka, Suratul Muɗaffifina tana nan. Ka auna wa talaka da tiyar da ka sayo da ita.

Allah ya tsare mu daga cin haram, amin.