Banilin: Yadda Fetur Ya Karɓe Aikin Itace

Ƙamshin banila da ake ji a kek da askirim, wani sinadari ne ke bayar da shi, sunansa banilin. Asalin banila shuka ce ta ƙasar Meziko, amma abin da gonaki ke samarwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na banilin da ake amfani da shi a duniya ba. Sauran duk a masana'anta ake haɗa shi.

A 1858 Gobley, wani masani Bafaranshe, ya ware banilin daga 'ya'yan shukar. A 1874 Jamusawa biyu, Ferdinand Tiemann da Wilhelm Haarmann, suka haɗa shi daga ruwan da ke ƙarƙashin ɓawon itacen fir, Haarmann kuma ya kafa masana'anta a garin Holzminden. Daga baya aka koma man kanumfari.

A shekarun 1930 aka waiwayi liginin, wato abin da ke manne zaren itace ya ba shi tauri. Masana'antun takarda cire shi suke yi su zubar ko su ƙona, alhali cike yake da zoben kabon shida, irin wanda ake samu a benzin daga kwal da ɗanyen mai. Da aka fara haɗa banilin daga gare ta, sharar nan ta zama dukiya, har a 1981 masana'anta guda a Thorold ta ƙasar Kanada ce ke samar da kusan kashi 60 cikin ɗari na banilin da ake haɗawa a duniya.

Sai dai hanyar liginin tana barin gurɓataccen ruwa mai yawa, dokokin kare koguna suka tsananta, ga kuma banilin da ake haɗawa daga fetur da araha. Masana'antun Amurka da Kanada suka daina ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Borregaard na Sarpsborg a Norwe, wanda ya fara a 1962, ya ci gaba, kuma har yau daga itace yake haɗa nasa. Wasu kamfanonin kuma suna samun banilin daga dusar shinkafa ta hanyar ƙwayoyin halitta.

Yanzu masana na neman fitar da sinadaran roba, fenti da magani daga liginin. Wahalar ita ce idan aka fasa shi sai ya ba da gauraye mai wuyar rarrabewa. Banilin ya tabbatar cewa aikin na yiwuwa. Kuma rijiyar mai tana ƙafewa, itace kuwa ana sake dasa shi, don haka ya cancanci a jure wa wahalar.